Raƙumin ruwa da kududdufin bayan gari

Idan ƙarshen shekara ya gabato, ma'aikatanmu da ke Abuja da Kano da Kaduna sukan fara lissafin inda za a kai iyali hutu. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya nufi Dubai ko Zanzibar, mai matsakaicin hali ya tsaya Legas, ko ya ƙetara Akara ko Dakar. Cikin abubuwan da ake tallata wa baƙo a irin waɗannan gaɓoɓin teku akwai darasin hawan igiyar ruwa na 'yan koyo: awa ɗaya ko biyu, malami ɗaya, allo ɗaya, sai kai da teku. Mutumin Daura, wanda sai ya ci fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya ga ruwan gishiri, yakan kalli abin ya yi murmushi ya ce wasan Turawa ne. Ni kuwa shawarata ita ce ya biya kuɗin ya shiga darasin, muddin ya cika wani sharaɗi guda da zan zo kansa, domin abin da zai gani a awa biyun nan ya shafi yaran Sandamu da Mai'adua fiye da yadda yake zato.

Ita kanta maganar wasan Turawa ba ta da ƙafafu. Gaskiya ne daga tsibiran Hawai wasan ya bazu zuwa Amurka da Ostareliya a farkon ƙarni na 20, har ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021. Amma masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa Undercurrents of Power na 2018, ya nuna cewa bayani mafi daɗewa da aka rubuta kan wannan wasa daga gaɓar Gana ta yau ya fito, a shekarun 1640, inda wani Bajamushe ya ba da labarin yara a kan guntayen katako cikin ruwa. Kyaftin Cook bai isa Hawai ba sai 1778. A ƙasar Hausa ma, duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta kwance rub da ciki a kan manyan goruna a kogin Matan Fada, homa a hannu, suna tuƙa kansu da ƙafa. Kwanciyar da malamin bakin teku zai koya maka a kan allo 'yar'uwar wannan ce. Bahaushe kuma da ya ga ruwa ya yi tozo yana tahowa, sunan da ya raɗa masa shi ne raƙumin ruwa, suna irin na mutanen da suka san ayari. To, raƙumi ai hawansa ake yi.

Ga yadda darasin yake, ko a Tarkwa Bay ta Legas da sai da jirgin ruwa ake isa, ko a Busua ta yammacin Gana, ko a Yoff da Ngor ta Dakar. Kashi na farko duk a kan rairayi ake yin sa, ƙafarka ba ta taɓa ruwa ba. Za a ba ka allo mai taushi, na soso, mai tsawon ƙafa 8 ko 9, da wata igiya da ake ɗaurawa a idon sawun ƙafar baya, kamar talala, don kada allon ya tsere idan ka faɗi. Za a nuna maka inda za ka kwanta. Ka matsa gaba da yawa, hancin allon ya nutse ya kifar da kai. Ka ja baya da yawa, igiyar ruwan ta wuce ta ƙarƙashinka ta bar ka kwance. Sai a koya maka tashi tsaye da motsi guda, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a gaba, domin mai kallon ƙafarsa ƙasa yake nufa. Za ka maimaita wannan a kan rairayi har ka fara jin kunyar masu wucewa. Daga nan sai a shiga ruwa iya ƙugu, inda igiyar ta riga ta fashe ta zama farin kumfa, malami ya riƙe allon, ya tura ka a daidai lokacin da ruwan ya iso.

Za ka faɗi, kuma ba sau ɗaya ba. A nan ne babban darakta ko likitan da ya saba ba da umarni yakan ji abin ya yi masa ɗaci, ga yaro ɗan shekara 19 yana ce masa ya sake. Gemu dai ba ya hana ilmi, kuma ina ganin mutumin da ya shekara 20 ba wanda ya gyara masa kuskure a bainar jama'a yana da buƙatar irin wannan awa biyu ko don lafiyar halinsa. Batun sutura kuwa ba ya hana kowa: doguwar riga mai dogon hannu da wando har ƙasa su ne ma abin da masu wasan da yawa suke sawa saboda rana da gogar allo.

Abin da ya fi tsayawa a kan allo muhimmanci shi ne abin da malamin kirki yake faɗa kafin a shiga. Zai koya maka faɗuwa: ka faɗi a shimfiɗe, kada ka taɓa yin tsalle da ka, domin ba ka san zurfin da ke ƙarƙashinka ba, kuma idan za ka taso ka rufe kanka da hannuwa saboda allon na iya dawowa. Kada ka sa allon tsakaninka da igiyar da ke tahowa. Sannan zai nuna maka abin da ya fi komai cin rayuka a bakin teku, wanda ni nake kira koramar cikin teku. Ruwan da igiyoyi suke jibgewa a gaɓa dole ya koma, kuma yakan nemi wata siririyar hanya tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashin ruwa ya bi ta da ƙarfi. Abin yaudarar shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: babu kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu, baƙo ya ce ga inda ya dace da shi. Gudun wannan korama kan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har ya wuce, wato ko gwanin ninƙaya na duniya da ƙyar zai ja da ita. Ba ta jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa take kai shi. Abin da ke kashe shi gajiya ce da firgita, saboda ya dage sai ya komo ta inda aka ja shi. Mafita ita ce ya bar ta ta ɗauke shi yana shawagi a kan ruwa yana ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, daidai da shimfiɗar gaɓa, har ya fita daga bakinta.

Sharaɗin da na ambata ke nan: ka iya ruwa kafin ka je. Wasu masu koyarwa za su ce maka ba dole ba ne tunda ruwan iya ƙugu ne. Ban yarda ba. Talala na tsinkewa, rairayin ƙarƙashin ƙafa na da ramuka, kuma ba kowane bakin teku ne a yankinmu ke da masu ceto ba. Wanda ba zai iya kwanciya a kan ruwa na ɗan lokaci ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ya sha iskarsa a kan rairayi, ya ɗauki hotuna, ya dawo gida ya nemi inda zai koyi iyo. Kuma a nan ne maganar ta baro Legas ta dawo Daura, domin tambayar da ke biye ita ce: a ina?

Mun ɗauki kanmu mutanen tudu. Labarin kafuwarmu ma labarin ƙarancin ruwa ne: rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Wanda ya tashi da wannan labari, ya kuma tashi yana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, da wuya ya lissafa ruwa cikin abubuwan da za su ci ɗansa. Amma daga Yuli zuwa Satumba masarautar nan cike take da ruwan da ya fi ƙarfin yaro. Kowane gari yana da kududdufin da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini tun kaka da kakanni. Duk inda aka yi sabon titi ko babban gini an bar ramin da aka ɗebi jar ƙasa, mai gefe a tsaye kamar bango, wanda yaro zai taka iya gwiwa, taki na gaba ya ji ba ƙasa. Ga madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, waɗanda suka kawo noman rani da kifi, suka kuma kawo kwalekwale ga mutanen da kakanninsu ba su gaji sarkanci ba.

A watan Mayun 2022, ana cikin shagulgulan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, mutum fiye da 10 suka rasu, galibinsu yara. Watanni biyar kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ya ci aƙalla rayuka 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da za su je Maulidi. Waɗannan su ne suka shiga labarai saboda yawan gawarwakin. Yaro ɗaya da ya tafi wanka da abokansa bayan la'asar bai dawo ba, a yi masa sutura kafin magariba, ba ya shiga rediyo, ba ya kuma shiga rajistar kowace hukuma. Ka tambayi kowane mai unguwa a Zango ko Baure, zai lissafa maka nasa da sunayensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, ranar da ta faɗo daidai lokacin da kududdufanmu suke cika.

Me muke yi a kai? Hani da bulala. Uwa takan duba idon yaro ko ya yi ja, ta ga ko fatarsa ta yi furu-furu, in ta tabbatar ya je kududdufi ya sha duka. A ƙara masa da labarin 'yan ruwa masu jan ƙafa. Ba na raina wannan tsoro, daga ƙauna ya fito, kuma iyayenmu ba su da wani makami sai shi. Sai dai sakamakonsa a bayyane yake: yaron bai fasa zuwa ba, ɓoyewa kawai ya koya. Yana zuwa lokacin da babu babba a wurin, malaminsa yaro ne ɗan'uwansa da ya girme shi da shekara biyu, kuma idan abu ya faru sauran sukan watse su yi shiru don tsoron duka, har lokacin da za a iya ceto ya wuce. Ka kwatanta wannan da abin da baƙo yake samu da kuɗinsa a Tarkwa Bay: babba a tsaye kusa da shi, bayanin haɗarin wurin tun kafin ya jiƙa ƙafa, ruwa daidai ƙarfinsa, da koyon abin yi idan abu ya ɓaci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan huɗun da yake buƙatar teku.

Akwai ƙasar da ta gwada. Bangaladash ƙasa ce ta Musulmi, matalauciya, cike da tafkuna, inda nutsewa take cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara. Wata cibiyar bincike ta can mai suna CIPRB ta tsara shirin SwimSafe, kuma ba su jira gina wuraren ninƙaya irin na otal ba. Sun kafa dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye, mai shinge, mai zurfin da bai wuce ƙirjin yaro ba, suka horar da samari da 'yan matan garin su zama malamai. Abin da ake nema daga yaro kaɗan ne: ya yi iyo na mita 25, ya tsaya a kan ruwa daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu da sanda ko igiya ba tare da ya faɗa ba. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, waɗanda ba su isa koyo ba, sai suka buɗe wuraren reno na unguwa daga safe zuwa azahar, lokacin da iyaye mata suka fi shagala da aiki. Binciken da aka buga a mujallar Pediatrics a 2012 ya nuna mutuwa ta hanyar nutsewa ta ragu ƙwarai a cikin yaran da suka bi shirin. Bahaushe ya riga ya taƙaita manhajar tun tuni da ya ce iya ruwa fidda kai. Ba gasa ake shirya yaron ya ci ba.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin maganganun suna da nauyi. Na farko tsargiya. Ruwan kwance a ƙasarmu yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa ta, kuma duk wanda ya yi firamare a karkara ya san yaran da ke fitsarin jini. Wannan dalili ne na ƙin kwafar tsarin Bangaladash ido rufe. Amma yaran suna cikin ruwan nan yau, da darasi ko babu. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne tafkin roba ko na ƙarfe da ake harhaɗawa a kwance, a cika shi da ruwan burtsatse, a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a kafa shi a harabar makaranta na wata biyu, sannan a ɗauke zuwa wata gunduma. Ruwan da zai ci ba a kullum ake zuba sabo ba. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya bai rasa injiniyan da zai lissafa wannan ba.

Na biyu, cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne: yaron da ya iya mita 25 zai ɗauka ya gama da ruwa, ya nufi tsakiyar dam. Haɗarin gaskiya ne, shi ya sa rabin darasin malamin bakin teku kan abin da ba a yi ne. Koyarwar da ta tsaya ga motsa hannu da ƙafa ba ta cika ba sai an haɗa da sanin ruwa: ba a shiga kai kaɗai, ba a tsalle da ka a inda ba a san zurfinsa ba, ba a faɗawa don ceton wani, miƙa masa abu ake yi. Manya ma suna da nasu karatun. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, domin bakinsa numfashi yake nema, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa a gaban mutanen da suka ɗauka wasa yake. Idan an fito da shi kuma, abin da muka saba yi na danna ciki ko juya shi ƙafa a sama don ruwa ya fita ɓata lokaci ne. Iska yake buƙata: a hura masa numfashi, a danna ƙirji, a nufi asibiti ko da ya farfaɗo.

Game da kwalekwale, ba zan ce iyo kaɗai zai hana irin abin da ya faru a Mai'adua da Bagwai ba. Jirgin da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa, ko aka tuƙa bayan duhu ya shiga, zai kife ko da gwanaye ne a ciki. Maganinsa ƙayyade yawan fasinja ne da rigar kariya ga kowa, kuma wannan aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ne da ƙananan hukumomi da masu gari. Amma a duk irin wannan haɗari akwai waɗanda suke fita, kuma yawanci su ne waɗanda suka iya riƙe kansu a kan ruwa na 'yan mintunan da masu ceto suke buƙata su iso.

Sai batun 'ya'ya mata, wanda aka fi son a tsallake. Yaro namiji ko ta hanyar sata yakan tsinci wani abu a kududdufi. Yarinya ba ta samun ko wannan, alhali ita ake aika wanki da ɗibar ruwa a bakin dam, ita ce kuma ke zaune a tsakiyar kwalekwale da goyo ranar biki. Abin da ake buƙata sananne ne: wuri mai katanga, ranakun mata daban, malamai mata, sutura mai rufe jiki. Makarantun 'yan mata na kwana sun riga sun cika uku daga cikin huɗun. Malaman ne babu, kuma ba za a same su ba sai an fara horar da rukunin farko, ko da a Kano ko Kaduna ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Daura ba baƙuwar wannan hikima ba ce. Ka dubi yadda ake koya wa yaro doki a gidajen sarauta kafin hawan Sallah ko na Gani. Doki na kisa, kowa ya sani, amma ba wanda ya ce maganin shi ne a doki duk yaron da ya kusanci barga. Ana ɗora shi tun yana ƙarami a kan mai sanyin hali, babba na riƙe da linzami, a koya masa zama da riƙo da inda ba a tsayawa a bayan dabba, sannan a sake shi a hankali. Maganar nan da ake jinginawa ga Sayyadina Umar kan abubuwa uku da ya kamata a koya wa yara, malamanmu suna kawo ta a wa'azi: hawan doki, da harbi, da iyo. Mun riƙe na farko har ya zama abin alfaharinmu a idon duniya, na ukun kuwa mun bar wa kududdufi.

Fada tana da abin da hukuma ba ta da shi a nan. Idan Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya umarci hakimai da dagatai su kawo jerin kududdufai da ramukan da suka taɓa cin rai a gundumominsu, cikin mako biyu za a samu, kuma zai fi duk wata ƙididdigar ofis inganci. Daga jerin za a san wanda za a cike, da wanda za a kewaye, da wanda za a sa wa mai gadi a watannin damina. Masuntan da ke aiki a madatsunmu sun iya ruwa, abin da suka rasa horon koyarwa ne da na taimakon gaggawa, kuma wannan na makonni ne.

Ku kuma masu zuwa hutu, ku ne kuke zaune a kwamitocin tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyin ci gaban gari, ku ake kawo wa takardar neman gudummawar fenti da kujeru. Kuɗin jirgin iyali guda zuwa Legas da dawowa ba ƙaramin abu zai yi ba wajen horar da malaman iyo na farko a makarantar da ta yaye ku. Lokacin da ya dace a yi darasin shi ne Afrilu da Mayu, ana tsananin zafi, yara na marmarin ruwa, kududdufai kuma a bushe suke, ta yadda kafin ruwan Agusta ya cika su rukunin farko ya riga ya iya mita 25 ɗinsa.